Ƙoƙon Kulu a Landan

Shekaru sun ja, ni kuma ba mutum ne mai amincewa da ƙwaƙwalwarsa ba. Akwai abubuwan wannan tafiya da nake gani tar kamar jiya, akwai kuma waɗanda ban sani ba ko na gan su ne, ko yawan ba da labarin ne ya sa suka zauna mini. Inda na tabbata zan faɗa. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Abin ya faru ne a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, ba a daɗe da barin fam an koma naira ba. Kazaure tana ƙarƙashin Kano a lokacin, ni kuma ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a can. Mu uku muka tafi: ni, da yayata Dije wadda muke kira Adda, da 'yarta ta fari, Kulu, mai shekara biyar ko kusa da haka.

An haifi Kulu a rugarmu ta ƙasar Roni da ƙashin ƙirjinta bai haɗe ba. Zuciyarta ta turo waje, fata ce kawai siririya ta rufe ta. Kana zaune kana kallonta tana harbawa, kamar ɗan tsako a cikin tsumma. In ta yi kuka sai wurin ya kumbura ya yi duhu. Daga baya likitoci suka gaya mini yawancin jariran da ake haifa haka ba sa kwana da yawa, domin tasu zuciyar ko fatar ma ba ta da ita. Mutane sun yi ta zuwa kallo har daga Gwiwa, wasu su ce aljanu ne, wasu su ce baiwa ce. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda kuma ita ce uwar mijin Adda, ta gaji da 'yan kallo. Ta samo ɗan ƙoƙo ta huda gefensa, ta zura igiyar saƙi, ta kife shi a ƙirjin yarinyar ta ɗaure ta baya. In Kulu ta ƙara girma, Goggo ta sake ƙoƙo. Da shi ta yi rarrafe, da shi ta tashi.

Mai karatu ya san kunyar ɗan fari, amma ta rugarmu ta wuce ta cikin gari. Tun da aka yaye Kulu take ɗakin Goggo. Adda ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta dubanta, ba ta kiran sunanta, balle kuma sunan Goggo ne aka sa mata. "Waccan" take cewa, ko "'yar Goggo". Kulu ma Adda take ce mata, yadda ta ji muna faɗa. Ba wanda ya taɓa ganin wannan a matsayin wani abu. Haka muka tashi muka tarar.

Wani likita a Kano ne ya ce akwai inda za a iya rufe ƙirjin a Landan, gwamnati kuma a lokacin tana fitar da marasa lafiya. Goggo ta tsufa, mijin Adda ya yi kudu da shanu. Aka ce uwa dole ta je, ni kuma muharraminta ne, ga Turanci. Abin da Goggo ta ce mini kaɗai shi ne, "Manu, kada ka ɗauke idonka daga kan takwarata." Na riƙe wannan magana fiye da yadda ya kamata, wataƙila.

Jirgin ya yada zango a birnin Rum, in ban manta ba. Abin da na riƙe a can shi ne Adda ta ƙi shan ruwan da aka ba mu saboda yana tsirto kamar an jiƙa kanwa. Ta ce, "Ruwan ma a nan sai an yi masa dabara."

A filin jirgin Landan aka fara. Wani ma'aikacin kwastan ya ga tudu a ƙarƙashin rigar Kulu, ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙarar abu mai rami. Ya ce a buɗe. Na yi bayani, ya ce a buɗe dai. Ina jin ya ɗauka wani abu muka ɓoye. Na durƙusa na kwance igiyar da kaina. Mutumin ya ja da baya har ya buge tebur, fuskarsa ta yi fari fat, nan da nan mutane suka kewaye mu. Adda kuwa ta juya tana kallon bango. Na ga wata Baturiya tana duban Adda, ba Kulu ba. Ban ba abin muhimmanci ba a lokacin.

Wanda aka ce zai tarye mu bai zo ba, ko kuwa ya zo mun saɓa, ban sani ba. Muna tsaye da akwatuna sai muka ji Hausa a bayanmu.

"Ikon Allah! 'Yan'uwa, sannunku da hanya. Daga ina? Kazaure? Kai, ai kakata ta wajen uwa 'yar Babura ce!"

Wani mutum ne gajere cikin kwat mai kauri, ya ce sunansa Ɗan'azumi, karatu ya kawo shi. Da na tambaye shi karatun me, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, a garin nan komai karatu ne." Wannan amsa ba ta kwanta mini ba. Amma sanyi yana shiga ƙashi, Kulu tana rawar ɗari, ga mutum yana magana da harshenmu. Muka bi shi.

Gidansa ɗaki biyu ne a saman wani shago. Ya yi mana tuwon semo da miyar da ban gane kanta ba, ya kulle babban akwatinmu a ɗakinsa, ya ce don tsaro. Ranar ganin likita da saura, sai ya ce shi ma yana da abokai likitoci, bari su fara dubawa. Adda ta jira ya fita, ta ce mini, "Wannan mutum idon dillalin shanu gare shi. Ba ya duban fuska, sai tozo."

Na ce, "Adda, kada mu yi wa bawan Allah mummunan zato."

Ta ce, "To, ɗan boko."

Washegari ya zo da Turawa biyu. Ɗaya yana warin taba da wani abu dabam, ba shi da ko abin sauraren ƙirji. Ɗayan ya ajiye jaka ya fito da kyamara. Ɗan'azumi ya tsuguna yana lallashin Kulu, hannunsa ya riga ya kai ga igiyar. Na ce me za a yi da hoto? Ya ce na asibiti ne. Na ce wane asibiti? Mai kyamara ya ce da Turanci a sa uwar ta rungume ta, zai fi taɓa zuciyar masu karatu. Kalmar masu karatu ce ta farkar da ni. Na cire hulata na kife a kan kyamarar, na tsaya tsakaninsu da yarinyar. Ni kuwa ban taɓa faɗa da kowa ba.

Ɗan'azumi ya ce, "Haba Malam, arziki ne ya biyo ku har ɗaki! Fulani dai, ku da nono kawai kuka sani."

Ko an riga an ɗauka kafin in kife hular, ban sani ba. Na ji wata ƙara, amma wataƙila ƙarar jakar ce. Muka fita da abin da ke hannunmu, da ƙullin garin gero da Adda ba ta rabuwa da shi. Babban akwatin da rigunan sanyi yana can har yau. Tun daga ranar, kowace safiya sai na tsaya wurin mai sayar da jarida na bi shafukan da ido. Ban taɓa ganin hoton ba. Wannan ba ya nufin bai fito ba.

Wani mai shago mutumin Pakistan, da ya ji na yi masa sallama, shi ya nuna mana alƙibla, ya kuma kai mu gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗaki kusa da asibitin. Mijinta ya rasu, ita da kyanwarta suke zaune. Adda ta sa mata suna Iya Baturiya. Bayan abin da ya faru, ban yarda da ita ba ko kaɗan. Na lura tana yawan satar kallon ƙirjin Kulu. Ran nan na fito daga banɗaki na tarar tana auna ƙoƙon da tafin hannunta ta saman riga. Na janye yarinyar, na yi mata magana mai zafi, daga ranar nake tokare ƙofarmu da kujera. Bayan kwana biyu ko uku ta ƙwanƙwasa. Na buɗe kaɗan. Ta miƙo wata 'yar hula ta ulu, ja, da ta saƙa daidai bakin ƙoƙon. Ta ce ta ga abin yana yin sanyi a jikin yarinyar. Na karɓa na yi godiya. Amma sai da na juya cikin hular na duba, kuma ban janye kujerar ba. Haka nake a lokacin.

Aka kwantar da Kulu. Babban likitan dogo ne mai furfura, yana magana a hankali. Ya ce zai ɗebo ƙashi daga haƙarƙarinta ya yi wa zuciyar rumfa, ya jawo nama ya rufe. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba. Wannan ya sa na ɗan yarda da shi, amma da na ga ya shigo da ɗalibai sun yi layi a kan gadon, sai na ce ashe shi ma kallo ya kawo mu a yi. Na gaya masa haka. Ya dube ni, ya sallami ɗaliban.

Ban san cewa yadda nake zarginsu, su ma haka suke zarginmu ba.

Da nas-nas suka cire ƙoƙon, suka ga kantar igiya ta zagaye bayan yarinyar, ga kuma tsagar wanzami a cikinta, wadda aka yi mata tana jaririya. Suna kallon juna. Sannan ga Adda. Sauran iyaye mata suna zaune a bakin gadon 'ya'yansu suna shafa musu kai. Adda takan ja kujera can ƙarshen ɗakin ta ba gadon baya. Kulu ba ta cin abincinsu, sai furar da Adda ke damawa da garin geron nan da kindirmon kanti. In ta dama sai ta miƙo mini ba tare da ta waiwaya ba, ta ce, "Miƙa wa waccan." In aka zo ɗiban jini Kulu tana tsala ihu, Adda ba ta motsi. Ni na san abin da nake gani. Su kuma wani abu dabam suke gani.

Sai aka turo mana wata jami'a mai kula da walwalar yara, mai tabarau da jakar takardu. Adda ta sa mata Mai Tabarau. Ta zaunar da mu, ni ne tafinta.

Ta ce a tambayi Adda, wannan 'yarta ce?

Adda ta ce, "'Yar Goggo ce."

Yaya sunanta?

"Kawunta ya sani."

Na fassara yadda ta faɗa, domin ina tsoron a kama ni da ƙari ko ragi. Sannan na shiga bayanin al'ada. Ina bayani tana rubutu, ina ƙara bayani tana ƙara rubutu. Ta je wurin Kulu ta ce in tambaye ta ina uwarta. Kulu ta ce, "Goggo tana gida." Wannan matar fa? "Adda ce." Ta dubi fasfo, ta ga Adda da sunan mahaifinmu, Kulu da na nata uban, ni kuma da sunan gari da aka laƙaba mini a makaranta. Mutum uku, suna uku. Ta ce ta yi aiki da mutanen ƙasashe da yawa, ba ta taɓa ganin uwar da ba ta san sunan 'yarta ba. Ta kuma tambaye ni, a hankali, ko gaskiya ne an ga yarinyar a wani gida ana shirin ɗaukarta hoto. Har yau ban san wanda ya kai mata wannan ba. Na zargi Ɗan'azumi, na zargi Iya Baturiya, na zargi mai shago. Wataƙila ni da kaina na faɗa wa wata nas na manta.

Hukuncinta shi ne ba za a yi aiki ba sai uwa ta sa hannu, ita kuma ba ta gamsu cewa wannan ce uwar ba. Za ta rubuta gida a bincika. Kafin nan Adda ba za ta ƙara shiga ɗakin ba, kuma in amsa ba ta gamsar ba, hukuma za ta riƙe yarinyar. Na san yadda wasiƙa take tafiya daga Landan zuwa Kano, daga Kano zuwa Kazaure, daga Kazaure a nemi wanda zai hau keke ya shiga ruga. Damina ma sai ta wuce. Likitan kuwa ya ja ni gefe ya ce Kulu ta kama tari, kowane tari yana tura zuciyar waje, fatar kuma tana ƙara sirancewa. Ya ce shi ba ya son jira, amma ba shi da iko a kan wancan ofishi.

Kulu ta daina cin komai. Ni nake kawo furar daga gida, irin ta kullum, amma sai ta duba ƙarshen ɗakin inda kujerar take ba kowa, ta kau da kai.

A ɗakinmu na gidan Iya Baturiya na tsare Adda.

"Kalma ɗaya ce, Adda. Ki ce 'yata ce, sunanta kaza. Shi ke nan."

"In kira sunan Goggo da bakina? Da wane ido zan dube ta?"

"Goggo tana Roni! Za su ƙwace yarinyar nan. Ko ta mutu muna jiran wasiƙa."

Ta ci gaba da mulmula fura. Shirun nan ya fusata ni, sai wani zato da ban taɓa yi ba ya shigo mini. Na tuna matan ruga suna raɗa cewa tun ranar haihuwa Dije ta tsani abin da ta haifa, kunya ce kawai ta samu ta fake. Na ce, "Ko dai abin da ake faɗa a gida gaskiya ne?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta rufe kwanon ta turo mini, ta ce, "Miƙa wa waccan."

Da zan fita, Iya Baturiya ta tare ni a matakala. Ta ce ba ta son shiga abin da ba nata ba, amma tun ranar da aka hana 'yar'uwata shiga asibiti, duk abincin da ta ajiye mata haka take ɗauke shi. Ta ce ko shayi ba ta sha. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita, ina can ina lura da ƙofa da taga, ban lura da kwano ba.

Na roƙi likitan ya sa a sake zama. Ya yi ƙoƙari, aka sa rana. Da hantsi ne, a wani ƙaramin ɗaki da aka mai da Kulu. Likita yana nan, da Mai Tabarau, da wata nas baƙar fata daga wasu tsibirai na yammacin duniya, wadda na daɗe ina zargi don kawai ta yi kama da mu amma ba ta jin harshenmu. Kulu tana kwance ƙirji a buɗe. Ta rame, zuciyar tana harbawa da sauri kamar za ta fasa fatar. Adda ta shigo, ta ja kujera, ta ba gadon baya.

Mai Tabarau ta ce in gaya mata ita ba abokiyar gaba ba ce. Ta ce ta taɓa mai da yaro hannun waɗanda ba iyayensa ba, ba ta son ta sake. A nuna mata kawai, ko ta wace hanya.

Na durƙusa gaban Adda. Na ce, "Adda, don girman Allah. Nan Landan ne. Waɗannan ba su san rugarmu ba, ba su san Goggo ba, ba za su taɓa taka Roni ba. Ba kowa a nan."

Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai fa?"

"Ni?"

"Kai kututture ne? Ba da kai za mu koma ba?"

Na daɗe a durƙushe. Tun daga Kano ban bar su su biyu ba ko na ɗan lokaci. A jirgi ina nan, a gidan Ɗan'azumi ina nan, a asibiti kafin ta shiga na shiga, bayan ta fita nake fita. Ina gadi. Ashe duk inda na tsaya, ruga ce ta tsaya a wurin da idonta biyu.

Na miƙe na ce da su zan fita. Mai Tabarau ta ce wa zai fassara? Na ce ina jin, ko da yake ban tabbata ba, ba za a buƙaci tafinta ba.

Ba abu ne mai sauƙi gare ni ba. Ɗakin yana da wata ƙofa ta baya da ban san inda ta fita ba. Na tuna maganar Goggo. Na ce a raina, yanzu in suka fitar da yarinyar ta can, suka bar Adda da ba ta jin ko kalma ɗaya, me zan ce a gida? In takarda suka miƙa mata ta dangwala yatsa ba ta san me ke ciki ba fa? Duk da haka na ja ƙofar na rufe. Tana da gilashi a sama. Na ba ta baya, na taka har ƙarshen baranda inda ba zan ji komai ba, na tsaya ina kallon wani bututun ɗumama ɗaki, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Ban san tsawon lokacin ba. Nas ɗin ce ta zo ta taɓa kafaɗata.

Na tarar da Adda a kujerarta, ta ba gadon baya, kamar ba ta motsa ba. Mayafinta ne kawai na ga ya sauya ɗauri. Kulu tana barci, an ja mata bargo zuwa ciki, zuciyar tana tafiya a hankali, irin tafiyar da ban gani ba tun muna gida. Kwanon furar da na kawo da safe ya ragu. Mai Tabarau ta cire tabaran tana riƙe da shi a hannu, jakarta a rufe. Likitan yana kallon taga. Ya juyo ya ce mini, "Jibi." Aka kawo takardar amincewa da aikin, na karanta ta sau biyu, na fassara, Adda ta dangwala.

A baranda nas ɗin ta biyo ni da murmushi, ta fara cewa, "'Yar'uwarka fa..." Na ɗaga hannu na ce ta yi haƙuri. Ta bar maganar, ina jin ta gane.

Aikin ya ɗauki yini. Ba zan iya bayaninsa ba, kada in faɗi abin da ban sani ba. Zuciyar ba ta koma ciki gaba ɗaya ba, amma ta samu rumfa. Mun ƙara makonni a can. Mai Tabarau ta zo sau ɗaya da 'yar tsana, na karɓa, kuma wannan karon ban juya cikinta na duba ba. Na kuma koyi wani abu. Kullum da la'asar sai in ce zan je shagon mutumin Pakistan sayen kindirmo, in daɗe ina hira da shi a kan abin da bai shafe ni ba.

Wata rana, bayan an cire mata robobi, Adda ta fita alwala. Kulu ta yafito ni. Na kai kunnena. Muryarta ba ta gama dawowa ba.

Ta ce, "Kawu."

Na ce, "Na'am, Kulu."

"Ashe Adda ta san sunana."

Na ce, "Haba?"

Ta ce, "Kada ka gaya wa Goggo."

Da muka sauka Kano, ni na saɓo yarinyar, Adda tana biye a baya da ƙullin kayanta. A ruga Goggo ta karɓi takwararta, ta ɗaga rigar ta daɗe tana kallon tabon, sannan ta tambayi ƙoƙonta. Na ba ta shi da jar hularsa. Ta ce, "Turawa ma sun san darajar ƙoƙo." Adda ta gaishe ta a durƙushe, ta wuce ɗakinta, ba ta waiwayi yarinyar ba. Matan ruga suka ce kun gani, ko Landan ba ta sauya Dije ba. Na ji su, na wuce.

Goggo ta rasu ban gaya mata ba. Adda ma ta rasu, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Kulu tana nan da ranta a ƙasar Gwiwa. Ba ta ɗaukar kaya mai nauyi, amma ta ga jikoki. Ita ce ta ba ni izinin rubuta wannan. Da na tambaye ta lafiyar babban ɗanta, sai ta kau da kai ta ce, "Wancan? Yana nan."

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Mai yiwuwa na sa wani abu a gaba alhali a baya yake, mai yiwuwa na zalunci wani da zato, har shi Ɗan'azumi, domin ban taɓa jin ta bakinsa ba. Duk wanda ya shaida wani ɓangare na wannan tafiya, a gida ko a can, in ya ga kuskure ya aiko mini in gyara, zan gode. Wuri ɗaya ne kawai na bari a buɗe da gangan. In nas ɗin nan tana raye, ko wani da ta ba labarin abin da ya faru bayan na ja ƙofa, ina roƙonsa kada ya aiko mini da wannan. Ba nawa ba ne.